Ja Huɗu a Layin Inna

An ɗauke ni aiki ne saboda ina da saurin hannu a kan waya, ba don wani ilimi ba. Lise, wato babbar sakandare, ban gama ta ba. Na zauna gida shekara biyu ina taya uwata tuyar ƙosai ina jin haushin kowa, sai aka ce wani furoje, shirin agaji mai yaƙi da tamowa, yana neman yarinyar da za ta riƙe masa gurup na saƙonnin waya. Na je. Shef, shugaban furojen, ya miƙo mini salularsa ya ce in rubuta abin da zai faɗa. Kafin ya rufe baki na gama. Ya ce in zo Litinin.

Buronmu ɗaki biyu ne a Matamaye, kusa da inda masu rake suke sauke kaya. Ɗaya na Shef, in bai tafi Damagaram ba. Ɗayan ni da Hajiya, wadda ta daɗe tana koya wa mata shayarwa da dama kunun yara tun ina goye. Ma'aikatan gaske ba su cikin buro. Suna ƙauyukan Kurni da Icirnawa da Ɗan Barto, su talatin da wani abu, yawancinsu mata. Mutanen gari suna ce musu masu awo. Kowace an ba ta jaka da riga da salula da awon kansa, ɗan siririn madauri da ake zagaya wa dantsen yaro. In ya tsaya a kore, lafiya. In rawaya ne, a sa ido. In ja ne, a ɗauki yaro a nufi asibiti. Abin da suka gani sai su faɗa a gurup, yawanci da bokal, saƙon murya, tunda da yawansu ba su rubutu. Aikina in saurara, in rubuta, in kai wa Hajiya.

Haka aikin yake da farko, kuma ina jin na iya shi.

A watana na uku Shef ya dawo daga wani taro a Yamai da sabon abu. Ya ce manya suna so su riƙa ganin wanda ke motsi da wanda ke barci. Ya buɗe mini tablo a ordinater, wato kwamfuta: sunaye a jere, gaban kowane suna ƴan gidaje, gida ɗaya sati ɗaya. Duk Alhamis zan ƙirga saƙon da kowa ya tura a gurup. Biyar ko fiye, in shafa kore. Ɗaya zuwa huɗu, rawaya. Babu ko ɗaya, ja. Wanda ya yi ja huɗu a jere an cire shi, a karɓi kaya a ba wani.

Hajiya ta leƙo ta kan tabaranta ta ce, "Shef, yanzu mu ma awo za a yi mana? Ni dai in dantse ne, madaurinku ba zai zagaye ni ba."

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ba dantse ba ne, baki ne."

"To ai shi kenan, na ci."

Ni abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ƙirga ya fi saurare sauƙi. Kuma akwai wani jin kai da ke zuwa wa yarinya ƴar shekara ashirin da biyu in aka ce ita ce ke shafa wa sa'o'in uwarta launi.

Ba a yi sati uku ba mutane suka gano bakin zaren. Gurup ya cika da hoton fure da Barka da Juma'a. In wani ya ce kansa na ciwo, sai addu'a ta sauko, amin talatin. Wani mutumin wajen Ɗan Barto ya riƙa yanka gaisuwarsa gida biyar: sallama daban, ina kwana daban, ya iyali daban, ya ruwa daban, sai an jima daban. Kafin ya sha koko ya zama kore. Na kai ƙara wajen Shef, ya ce saƙo saƙo ne, tablon ba shi da gidan da ake rubuta amfanin magana. Daga nan na rage saurare. Bokal ya yi yawa, kunnena biyu ne. In na taɓa na ji an fara da ina kwana, sai in ja layi a takarda in wuce.

Inna, ɗaya daga cikin masu awo, tana wani ƙauye gaba da Kurni. Ba uwata ba ce, kowa haka yake kiranta. Doguwa ce siririya, tana ɗora rigar aiki a kan mayafi ko da rana ta take, salularta kuma tana cikin leda a ƙulle a bakin zane don kada ruwa ya taɓa kayan hukuma. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Amma Hajiya takan ce in Inna ta ce yaro ja ne, ba sai an sake aunawa ba. A garinsu rezon waya ba ya kamawa sai an hau tudun bakin rijiya, to can take hawa ta yi mana bokal, kana jin guga na bugun bango da mata na gardama a bayanta. Sai ta gaishe da Shef, ta gaishe da Hajiya, ta gaishe da ni, ta gaishe da masu awo gari gari, ta tambayi ruwa, ta tambayi shuka. Minti biyu sun tafi. Sannan ta shiga aiki: gidan wane yaro kaza, awo ya tsaya nan, ƙafa ta kumbura, uwar ta ce kaza.

Wata rana da suka zo taro na tare ta a bakin ƙofa na ce, "Inna, gaisuwar nan taki ta yi yawa. Ki riƙa shiga magana kai tsaye."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "In faɗo wa mutane ban gaishe su ba? Ni akuya ce?"

"Lokaci ne babu, Inna."

"Ku ƴan boko ina kuke kai lokacin nan da kuke ta ɓoyewa? Ban taɓa ganin wanda ya fito da nasa ba."

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, ni na shige ciki ina tsaki. Amma a lokacin layinta kore ne kowane sati, kuma koren nata na gaske ne. Ko ni na san wannan.

Farkon damina, lokacin da hatsi ke ƙarewa a rumbu kuma yara ke fara zubewa, Shef ya ɗauki sabon mai zagaye na yankin Kurni. Aikinsa ya hau moto ya bi ƙauyuka ya duba masu awo. Mutum ne mai shiru, mai ɗan gemu, kowa na ce masa Malam. Shef ya turo mini lambarsa ya ce in sa shi a gurup. Na sa shi. Ya yi sallama da bokal, ya faɗi garinsu, aka yi masa maraba har da fure.

Daga wannan rana Inna ta ɗauke wuta.

Alhamis ta zo na ƙirga, babu komai a gaban sunanta. Na sake bi daga sama, babu. Na ce ko salula ta lalace. Na duba bokal ɗin da Hajiya ta tura jiya, wurin da ake ganin waɗanda suka saurara, sai ga sunan Inna a ciki. Na duba wani, tana ciki. Ashe kullum tana hawa tudunta, tana jin kowa, ta sauko ba ta ce uffan ba. Wannan ya fi ba ni haushi. Na shafa mata ja na farko, na danna bokal a gurup, a gaban kowa, na ce, "Inna, muna ganinki fa. Kina ji, ba kya magana. Ko gaisuwar ce ta ƙare?"

Mutum shida suka turo fuskar dariya. Ta saurara. Ba ta amsa ba.

A sati na biyu sai saƙonta ya fara shigowa lambata ni kaɗai. Gajeru, ba irin nata ba: yaro kaza, gidan wane, rawaya. Na rubuta wa Hajiya su, wannan kam na yi. Amma na kira ta na ce, "Inna, ba nan za ki turo ba. A gurup. Shef gurup yake gani."

"To, ƴata."

"Me ya hana ki?"

"Ai aikin yana isowa, ko ba ya isowa?"

"Yana isowa, amma ba ya ƙirguwa. Kin yi ja ɗaya, gobe na biyu. In kika yi huɗu za a karɓi jaka."

Ina jin gugan yana bugun bango. Sai ta ce, "Akwai magana, amma ba ta waya ba ce."

Na ce, "Inna, komai yanzu na waya ne," na kashe. Ina da mutum talatin da zan ƙirga, kuma ga wuta an ɗauke, ordinater na kukan caji.

Laraba ta sati na uku, wajen hantsi, bokal ɗinta ya shigo mini. Minti biyar da ƴan kai. Na taɓa, na ji "Salamu alaikum ƴata, ina kwana, ina gajiya, ya mutan gida, ya Hajiya," na tsayar. Na ce a raina tsohuwar nan taurin kai ne da ita, bari in taimake ta ko ba ta so. In muryarta ta fito a gurup, zan ce wa Shef ga shi ta yi magana. Na danna, na tura, na rubuta a ƙasa: saƙon Inna. Har ina jin na yi abin kirki. Na tashi na je sayen rake.

Da na dawo gurup ya yi tsit. Gurup ɗin da ba ya minti goma babu amin. Hajiya tana zaune da salula manne a kunne, ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Ke," ta ce. "Kin ji abin da kika tura?"

"Gaisuwa ce mana, da aikinta."

"Ajiye raken nan ki zauna."

Ta mayar da shi farko ta ƙure murya. Minti biyu na gaisuwa, muka zauna muka sha su duka. Sannan Inna ta sassauta murya, da alama ta matsa nesa da rijiya, ta ce:

"To ƴata, wannan ni da ke ne, kada ki sa shi cikin taro. Kin ga na yi shiru, ba ƙin aiki ba ne. Wanda kuka sako mana, mai moton nan, shi ke auren yarinyar wajena, babbar. Ni tun da aka ɗaura ban taɓa ɗaga murya inda yake ba. Ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. In ya shigo ta ƙofa ni ina bayan ɗaki. To yaya zan buɗe baki in yi ta zuba, ina nono ina zawo, yana ɗauke da ni a aljihu? Sai na biyu. Ɗan nasu na auna shi jiya da uwar ta kawo shi. Ya tsaya a rawaya, yana leƙen ja. Ta samu wani cikin, ta yaye shi ba shiri, hatsin gidan kuma ya yi ƙasa, ita ta kasa faɗa masa. Ki san dabarar da za ki yi Hajiya ta biyo kamar yawon aiki ta gani da idonta. Kada a ce daga bakina ya fito. Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki."

Na ɗauki wayata na goge saƙon. Kafin in goge na duba waɗanda suka saurara. Ashirin da huɗu. Sunan Malam shi ne na uku.

Ba wai ban san kunyar surukai ba. Ni Bahausa ce, a Matamaye aka yanke mini cibi. Kakata har ta mutu ba ta taɓa kiran sunan ubana ba, in ta hango shi a hanya sai ta shige gidan da ba ta yi niyya ba. Da a tsakar gida ne na ga Inna ta ja mayafi ta yi bayan ɗaki, da ban tambayi kowa dalili ba. Amma a gurup babu mayafi, babu bayan ɗaki. Suna ne da lamba. Ni kuma na saba ganin mutane layi layi, har na manta wani layin surukin wani ne.

Hajiya ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "Mai zagayen tamowa, a ce ɗansa na da tamowa, a ce gidansa ba hatsi, a bakin surukarsa, a gaban waɗanda zai je ya duba. Kin haɗa su duka a tura ɗaya. Saurin hannun ke nan."

Washegari Alhamis. Na shiga wajen Shef kafin in taɓa tablo. Shi ma ya ji, yana gurup. Na ce a bar wa Inna satin nan, ai ta yi magana.

"Sunan wa ke kan saƙon?" ya ce. "Naki. Kuma kin goge shi."

"Shef, ka san dalilinta yanzu."

"Na sani, kuma ban ji daɗi ba. Amma nuna mini gidan kunya a tablon nan in rubuta."

Na ce to a buɗe mata wani gurup da babu Malam. Ya ce Yamai gurup ɗaya suka sani, su ma suna da mutum a ciki yana kallo. In ya raba don suruki, gobe wata ta zo da wan mijinta, jibi wani ya zo da uban matarsa, yankin nan kowa surukin kowa ne. Na ce a mayar da Malam yankin Icirnawa. Ya ce an ɗauke shi ne don ya san hanyoyin Kurni. Ya dafe goshi ya ce, "Ƙanwata, abu ɗaya ya rage. Kafin Alhamis mai zuwa ta tura ko mene ne. Amin ɗaya. Ɗan yatsa. Ta zama rawaya, lissafi ya koma farko. Ni ma ba na son rasa ta."

Na fito na shafa ja na uku.

Ranar Litinin Malam ya zo buro kawo rapor, rahoton zagayensa. Na ji tsayuwar motonsa na rasa inda zan sa kaina. Ya gaishe da Hajiya, ya ajiye takardu a teburina bai dube ni ba. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ban saurara ba na tura."

Ya ce, "Na san ba ki saurara ba."

"Me ya sa ba ka faɗa ba tun farko? Ai ka ga sunanta."

"Tun ranar da kika sa ni na gani." Ya juya hularsa a hannu. "In ce me? In je wa Shef in ce a cire mini surukata? Ko in ce ba na son aikin? Malama, ke ba ki yi aure ba ko?"

Na ce a'a.

Ya gyaɗa kai kamar ya samu amsar komai. Ya ce wa Hajiya ya kai yaron asibiti tun ranar Alhamis, an ba su abincin tamowa, an ce su riƙa dawowa. Hajiya ta ce madalla. Ya ce tun ranar bai bi ta garin Inna ba, yana zagaye ta bayan gonaki. Ya fita.

Talata na hau kabu-kabu na tafi. Gero ya kai ƙirji, hanya duk ruwa ya cinye ta, sau biyu muna sauka muna turawa. Na isa rana ta take, takalmina ɗaya ya tsinke. Na samu Inna a tsakar gida tana tsince yakuwa, babu rigar aiki a jikinta. Ban taɓa ganinta haka ba, sai ta yi mini ƙanƙanta.

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta gaishe ni. Duk gaisuwar, ba ta rage ko ɗaya ba: gida, uwata, Hajiya, Shef, hanya, ruwa. Na zauna na amsa kowace.

Na ce, "Inna, na yi miki laifi."

"Kin yi," ta ce. "Sha furarki."

Na faɗa mata abin da Shef ya ce. Na ce ba sai ta yi magana ba, akwai ɗan hoton yatsa, a taɓa shi kawai. Babu murya, babu kalma. Na ce ta ba ni salular mu hau tudu in taɓa mata da kaina, kuma duk sati in ta so zan aiko mata wanda zai taɓa.

"In an taɓa, sunan wa zai fito?"

"Naki."

"Shi zai gani?"

"Zai gani, amma Inna ai yatsa ne kawai."

"Bayan abin da ya ji daga bakina, in fito in ɗaga masa yatsa." Ta ci gaba da tsinkar yakuwarta. "Da can kunya ce kawai, irin ta kowa. Yanzu na tona masa rumbu a gaban mutane. Yarinyar ta zo nan ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta ce da me ta rage ni. Matan rijiya in na doso sai su canza magana. Ƴata, inda yake ni ba na nan. Ko a waya, ko a ƙasa."

Haƙurina ya ƙare, kamar kullum. Na ce, "To yaran garin fa? Kunya za ta auna su? Shekara nawa kina wannan aiki, ki zubar saboda mutum ɗaya? Wallahi ni da ni ce, shi zan sa a cire."

Ta ɗago. Ba ta yi fushi ba. "A cire shi, yarinyar ta ci me? Ga ciki, ga mai rawaya. Ni tsohuwa ce, jaka ce kawai za a karɓa." Ta ɗan yi murmushi. "Kuma ke da ke ce, da ba a kai nan ba. Ke ai ba kya jin kunyar kowa, shi ya sa aka ba ki ƙirga."

Ta shiga ɗaki ta fito da jakar. Ta riga ta haɗa komai: rigar a wanke a ninke, salula cikin ledarta, awon a naɗe an ɗaure da zare. Na ce ba karɓa na zo yi ba, akwai sauran kwana biyu. Ta ce hanya ba ta da kyau, kada a wahalar da wani ya sake zuwa.

Muna haka wata mata ta yi sallama da yaro a kafaɗa, kansa ya langaɓe. Ta ce, "Inna, duba mini shi, kwana uku ba ya riƙe komai." Na kai hannu zan kwance awon, Inna ta girgiza mini kai. Ta kama dantsen yaron, ta zagaye shi da babban yatsa da manuni, yatsun suka haɗu har suka hau juna. Ta danna bayan ƙafarsa ta duba ramin da ya bari. Ta ce, "Ba gobe ba, yau. Ga mai moto nan da ya kawo baƙuwa, ku bi shi." Ta juyo gare ni. "Ke kya jira ya dawo."

Na jira har la'asar a kan tabarmarta, jakar tana kan cinyata. Ba mu ƙara maganar ba. Ta ba ni yakuwa a leda in kai wa uwata.

Laraba na kunna salularta a buro. Tana hannuna, ga rezo cike. Yatsa ɗaya ne, babu mai sanin ba ita ba ce, sai ni da Hajiya. Na buɗe gurup da sunanta, na nemo hoton yatsan, na tsaya ina kallonsa. Hajiya ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Sau ɗaya kin sa ta magana ba da yardarta ba. Bai ishe ki ba?"

Na kashe salular.

Alhamis na ƙirga kowa. Mutumin Ɗan Barto saƙo goma sha ɗaya, kore. Malam ya tura biyar cif, duk a rubuce, kore. Na zo layin Inna na shafa na huɗu. Shef ya leƙo ya gani, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ce in cire lambar. In aka cire mutum gurup yana sanar da kowa, da sunan wanda ya cire da na wanda aka cire. Sanarwar ta fito a tsakanin wani fure da wani amin. Bayan minti kaɗan wata ta turo Barka da Juma'a tun Juma'ar ba ta zo ba.

An ba wata yarinya jakar, ƴar garin ce, ta yi kolej, tana rubutu da kyau. Ba ta da laifi. An gaya mata dokar tun ranar farko kuma ta riƙe ta: ba ta taɓa yin ƙasa da bakwai ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, wata daminar ta zo. A duk tsawon nan yara uku ta kawo mana daga garin da Inna kan kawo uku a sati. Na tambaye ta, ta ce mata ba su cika zuwa wajenta ba, in ta bi gida gida sai a ce yaro na barci. Wataƙila suna zuwa wajen Inna ta auna da yatsu. Wataƙila ba su zuwa wajen kowa. Ban sani ba, kuma babu inda zan duba in sani.

Na roƙi Shef sau biyu a mayar da Inna, ya ce gurbin ya cika, kuma Malam yana nan. Hajiya ta ce ta haɗu da ita a wani suna, ta tambaye ni, ta ce a gaishe da mai ƙirga.

Ina nan a teburin. Yanzu ina sauraron kowane bokal har ƙarshe, da gaisuwar da komai, har kunnena ya yi zafi, kuma yawanci babu komai a ciki sai gaisuwar. Tsohon tablon yana cikin ordinater, ban goge layinta ba, na dai tura shi can ƙasa inda Shef ba ya kaiwa. Kore ne mai tsawo, sai ja huɗu. A rapor ɗin da muka aika Yamai ƙarshen shekara an rubuta cewa yankin Kurni ya fi kowane yanki motsi. Ni na buga shi, kuma ban daɗe ba na gama.